Wasan Wuta da Haƙƙin Bisashe: Darasi Daga Dokar Ƙasar Holan

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai magana da marar magana, Ya hore mana bisashe muna ci, muna sha, muna hawa, sa'an nan Ya ɗora mana amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da mutane da yawa suke ɗauka wasan yara ne kawai, watau wasan wuta: abubuwan nan masu fashewa da ƙara, da masu tashi sama su watsa tartsatsi launi-launi. A ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 2025, majalisar dattawan ƙasar Holan ta amince da wata doka da ta hana a sayar wa jama'a mafi yawan nau'o'in wannan kaya. Ƙasa ce kuwa da mutanenta suka shahara da son wannan wasa, har akwai shekarun da suka kashe masa fiye da Yuro miliyan 100, watau sama da miliyar 65 na kuɗin sefa, a cikin kwana uku kacal. Daga cikin manyan dalilan da aka kafa dokar a kansu akwai wahalar da dabbobi suke sha. Za mu duba yadda wannan wahala take, da hanyar da waccan ƙasa ta bi, sa'an nan mu ɗora al'amarin bisa ma'aunin shari'a.

Mene ne wasan wuta?

Tushensa albarushi ne, wanda mutanen ƙasar Sin suka gano wajen ƙarni na 9 na Miladiyya. Ana haɗa shi da abubuwa uku: wani gishiri na musamman kashi 75 cikin ɗari, gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. Idan aka cusa shi cikin takarda aka naɗe tam, aka sa masa wuta, sai ya ƙone nan take, iskar da ya haifar ta rasa mafita ta fasa takardar. Wannan fashewa ita ce ƙarar da muke ji. Launukan kuwa daga garin wasu ƙarafa suke fitowa, kamar jan ƙarfe da ke ba da shuɗi.

Masana suna auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen desibel 60. Daga 120 kunnen ɗan Adam yake fara jin zafi. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ce kayan da ake sayar wa jama'a kada ƙararsu ta wuce 120 ga wanda ya tsaya a nesan da aka ƙayyade. Amma wanda yake kusa da wurin fashewar yana iya jin abin da ya kai 150 ko fiye. Dabba kuwa ba ta san wata tazara da doka ta ƙayyade ba. Inda aka ɗaure ta, nan ƙarar take iske ta.

Me ya sa dabba ta fi mu shan wuya?

Dalili na farko, kunnenta ya fi namu kaifi. Kunnen mutum ba ya kama sautin da girgizarsa ta wuce 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Doki yana kama sama da 30,000, kare yana kama wajen 45,000, kyanwa kuwa fiye da 60,000. Saboda haka akwai sassan ƙarar da mu ba mu ji sam, alhali su suna jin su.

Dalili na biyu, kuma shi ne mafi girma, dabba ba ta san dalilin ƙarar ba. Mutum ya san cewa biki ake yi, ya san za a gama. Tunkiya ba ta san haka ba. Allah Ya halicci doki da jaki da tunkiya da akuya bisa ɗabi'ar gudu daga haɗari. Da zarar ƙara ta zo musu ba zato, zuciya takan ɗauki bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya wa gudu. Idan akwai hanya, sai dabba ta zabura ba ta duban gabanta, ta faɗa shinge ko rami ko hanyar mota. Idan kuwa a ɗaure take, sai ta yi ta fizgar igiya har ta ji wa kanta rauni. Likitocin dabbobi sun san cewa firgita mai tsanani tana iya sa mai ciki ta yi ɓari, kaji kuma sukan taru a kusurwa ɗaya su danne juna har na ƙasa su mutu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bristol ta ƙasar Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa kusan rabin masu karnukan da aka tambaya sun ga alamun tsoro ga karnukansu idan suka ji irin wannan ƙara.

Wani zai ce, ai dawakin sarakuna suna jin harbin 'yan bindiga ranar hawan salla, ba su watsewa. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce a gare mu. Waɗancan dawaki an saba musu da ƙarar sannu a hankali, mahayi yana bisa kansu riƙe da linzami, an san wurin da za a harba, an san lokacin. Wasan wutar da yake hannun kowa ba haka yake ba: yana tashi daga kowane lungu, a kowace sa'a, kwana da kwanaki, babu wanda ya isa ya shirya masa.

Abin da na'urori suka gani a sararin sama

Masu bincike na Jami'ar Amstadam sun yi amfani da na'urar rada, wadda ake hangen hadari da ruwan sama da ita, domin su ga halin tsuntsaye a daren sabuwar shekara. A sakamakon da suka fitar a 2011, sun ga cewa da ƙarfe goma sha biyun dare ya buga, dubban tsuntsaye sukan tashi a firgice daga wuraren kwanansu, su yi sama har kimanin mita 500, su yi ta shawagi aƙalla minti 45. A wani binciken na 2023 sun ƙara da cewa yawan tsuntsayen da ke sama a wannan dare ya ninka na sauran darare kimanin sau 1,000, kuma firgitar tana kai wa har tsuntsayen da ke nesan kilomita 10 daga inda ake wasan. A yankin da na'urori biyu kaɗai suke iya hangowa, kusan tsuntsaye 400,000 ne suke tashi lokaci guda.

A 2022 kuma aka wallafa wani bincike a kan tsuntsayen dinya 347 da aka ɗaura wa ƙananan na'urorin bin sawu, aka bi su har shekara takwas a ƙasashen Jamus da Danmak da Holan. An tarar cewa a daren sabuwar shekara hutunsu yakan ragu da kimanin sa'a biyu, sukan ƙara tafiyar kilomita 5 zuwa 16 bisa yadda suka saba, har ma an sami waɗanda suka yi kilomita 500 ba su sauka ba. Ku tuna cewa wannan lokaci tsakiyar hunturu ne a can, sanyi ya tsananta, abinci ya yi ƙaranci. Duk ƙarfin da tsuntsu ya ɓatar a gudun banza, daga guzurin da zai kai shi ƙarshen sanyi ya ciro shi.

Wani lokaci ma abin yakan kai ga mutuwa nan take. A daren 31 ga Disamba 2010, a garin Beebe na jihar Akansas ta Amurka, dubban ƙananan baƙaƙen tsuntsaye suka zubo ƙasa matattu. Hukumomi sun bayyana cewa ƙara ce ta tashe su daga itatuwa cikin duhu, su kuwa ba masu gani da dare ba ne, suka yi ta karo da gidaje da wayoyin lantarki. Haka nan a ranar 5 ga Nuwamba 2024, daren da mutanen Birtaniya suke babban wasan wutarsu, wata jaririyar dabba 'yar wata uku daga jinsin da ake kira jan panda ta mutu a gidan ajiye namun daji na birnin Edinbara. Likitocin gidan sun ce ta shaƙe ne da amanta, kuma sun rinjayar da cewa firgitar wasan wuta ce sanadi.

Yadda Holan ta bi abin mataki-mataki

Ƙasar ba ta yi tsalle ɗaya ta kai ga hani ba. Tun ranar 13 ga Mayu 2000 ta ɗanɗana ɗacin wannan kaya, lokacin da wani ɗakin ajiyarsa ya fashe a garin Enschede, mutum 23 suka rasu, kusan dubu suka jikkata, unguwa guda ta rushe. Duk da haka al'adar ta ci gaba, sai dai an yi mata iyaka: ba a sayarwa sai a kwanaki uku na ƙarshen Disamba, kuma daga 2014 ba a kunnawa sai daga ƙarfe shida na yammacin 31 ga Disamba zuwa ƙarfe biyun dare. A ƙarshen 2020 aka cire masu fashewa da ƙara da masu tashi kamar kibiya daga cikin abin da jama'a za su iya saye.

A wannan shekarar ce kuma, saboda annobar korona ta cika asibitoci, gwamnati ta hana sayarwa gaba ɗaya na ɗan lokaci. Sai aka ga abin mamaki. A bikin da ya gabata, kimanin mutum 1,300 ne suka je neman magani saboda raunin wasan wuta. A shekarar hanin kuwa ba su kai 400 ba. Da aka ɗage hanin, adadin ya sake haura dubu.

Manyan birane irin su Amstadam da Rotadam sun gwada wata hanya: suka hana kunnawa a cikin iyakokinsu, alhali kasuwa tana buɗe ana saye. Abin bai yi tasirin da aka so ba, domin 'yan sanda ba su iya tsare kowane lungu a dare ɗaya. A nan ne darasin yake. Abin da ya riga ya shiga aljihun dubban mutane ya fi ƙarfin mai gadi. Amma kantunan da ake sayar da shi ƙidayayyu ne, an san inda suke. Wanda yake son tare ruwa, a mafari yake datse shi.

Saboda haka wasu 'yan majalisa biyu, Jesse Klaver da Esther Ouwehand, suka gabatar da ƙudurin hana sayarwa. Ita Ouwehand a lokacin shugabar wata jam'iyya ce da aka kafa a 2002 domin kare haƙƙin dabbobi, wadda ta fara samun kujeru a majalisa a 2006. Majalisar wakilai ta amince a watan Afrilu 2025, ta dattawa kuma a watan Yuli. Dokar ta bar ƙananan kayan da ba su da haɗari sosai, ta bar wasan da ƙwararru suke shiryawa, ta kuma bai wa magadan gari ikon ba ƙungiyoyi izini na musamman bisa sharuɗɗa. An tsara ta fara aiki daga bikin ƙarshen shekarar 2026, tare da sharaɗin a daidaita batun diyyar 'yan kasuwar da abin zai shafa.

Ba Holan kaɗai ta yi iyaka ba. A Ingila, dokar 2004 ta hana kunna wasan wuta daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, in ban da wasu darare huɗu na bukukuwa, kuma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sai ƙananan kaya. Ƙasar Chile ta hana sayar wa jama'a tun shekarar 2000.

Hujjojin masu adawa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Sun ce, na farko, al'ada ce da ke haɗa maƙwabta, kuma bai kamata a hukunta kowa saboda laifin tsiraru ba. Na biyu, akwai masu cin abinci da wannan sana'a. Na uku, idan aka rufe kantuna, mutane za su tsallaka iyaka zuwa Jamus ko Beljiyam su sayo, ko su koma ga kayan fasa-ƙwauri waɗanda suka fi haɗari.

Hujja ta biyu da ta uku suna da nauyi, shi ya sa aka sanya batun diyya a cikin shirin, kuma shi ya sa doka ba ta wadatarwa idan babu tsaron iyaka da wayar da kan jama'a. Amma hujja ta farko tana da rauni idan aka zo kan dabbobi. Tsuntsu ba ya bambanta ƙarar da mai hankali ya tayar da wadda wawa ya tayar. Ko da kowa ya kiyaye idonsa da yatsunsa, firgitar tana nan daram. Abin da ke rage ta shi ne a tattara wasan wuri ɗaya sananne, a lokaci ɗaya sananne, nesa da garke da wuraren kwanan tsuntsaye, yadda mai dabba zai iya yin shiri.

Ma'aunin shari'a

Ya ku 'yan'uwa, addininmu bai bar wannan fage babu shiriya ba. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Akwai kuma hadisin da ya fi kusa da maganarmu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da 'ya'yanta. Ku lura, babu wanda ya doke ta ko ya ji mata rauni. Tashin hankalinta kaɗai ya isa a tsawatar. Don haka ne ma malamai suka karhanta wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka, ko yanka wata tana kallo. Idan shari'a ta kula da tsoron ragon da saura minti kaɗan a yanka shi bisa halal, ina ga firgita garke guda saboda nishaɗi?

Game da ikon hukuma kuwa, an ruwaito cewa Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu ya rubuta wa wakilinsa na Masar yana ƙayyade nauyin kayan da za a ɗora wa raƙumi. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a shekara ta 660 ta Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutane a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma akwai ƙa'idar toshe kafar ɓarna: abin da asalinsa halal ne ana iya hana shi idan ya zama hanya mai kai wa ga cuta, kamar sayar da makami a lokacin fitina. Ƙa'idar kawar da cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Malaman fiƙihu sun kuma bayyana cewa wanda ya tsokani dabbar wani har ta zabura ta yi ɓarna, ramuwa a kansa take. Sa'an nan ga gargaɗin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, a kan almubazzaranci. Farin ciki a ranar biki halal ne, babu mai jayayya. Abin da ba ya halatta shi ne a gina shi bisa cutar da wani, mutum ne ko dabba.

Abin da ya shafe mu

Wannan kaya ya iso kasuwanninmu, yara suna sayen fetar da 'yan daloli kaɗan a ƙarshen shekara da lokutan salla da bukukuwa. Mu kuwa bisashenmu a cikin gida suke tare da mu: rago a turke, akuya a bayan ɗaki, kaji a akurki, jaki ɗaure da amalanke a bakin hanya. Ga mafi yawanmu su ne ajiyar da ake komawa gare ta ranar buƙata. Tunkiyar da ta yi ɓari asarar shekara guda ce ga mai ita. Ga kuma zana da harawar da aka jibge bisa rumfa cikin rani, ga man fetur a kwalabe a gefen titi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga iyaye su san abin da 'ya'yansu suke saye da kuɗin barka da salla, su koya musu cewa jefa wa jaki ko kare abin fashewa domin a yi dariya zalunci ne da za a tambaye shi. Muna kira ga 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, kada su miƙa wa ƙaramin yaro abin da zai iya raba shi da idonsa. Muna kira ga masu unguwanni da sarakuna da magadan gari su dubi al'amarin tun daga wurin sayarwa, su nesanta shi daga kasuwar bisashe da asibitoci da masallatai. Mai dabba kuma, idan ya san za a yi ƙara, ya shigar da bisashensa tun kafin magariba, ya duba igiya kada ta zama mai shaƙewa, ya nesanta masu ciki daga bakin titi, ya rufe akurki, kuma kada ya doki dabbar da ta firgita, domin duka ƙara mata tsoro yake yi.

Dabba ba ta iya kai ƙara gaban alƙali a duniya, amma Wanda Ya halicce ta Yana jin kukanta. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon tsare amanar mutane da bisashe, Ya kare garuruwanmu daga gobara da dukkan bala'i. Allah Shi ne mafi sani.